Panchang: Yadda Kalandar Hindu Take Auna Lokaci da Zaɓen Sa'a

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2024 gardama ta kaure a Indiya a kan tambayar da mutum zai yi zaton kalandar bango ta riga ta amsa, wato ranar da za a yi Diwali, bikin fitilu da ya fi kowane biki girma a wurin akasarin mabiya addinin Hindu. Wasu malamansu, ciki har da da yawa daga birnin Banaras, suka tsaya a kan Alhamis 31 ga Oktoba, wasu kuma suka ce sai Juma'a 1 ga Nuwamba. Yawancin gidaje sun kunna fitilunsu ranar Alhamis da magariba, amma kasuwannin hannun jari na Mumbai, waɗanda suke buɗe zaman ciniki na awa ɗaya a kowace shekara domin neman albarkar bikin, sun yi nasu ranar Juma'a daga ƙarfe 6 zuwa 7 na yamma. Babu ɓangaren da ya yi kuskuren lissafi. Dukkansu sun yarda da inda Wata yake a sararin samaniya da lokacin da ya isa wurin, saɓaninsu kuwa yana kan ƙa'idar da za a bi wajen ɗora wannan lissafi a kan kwanakin mako.

Kundin da ake komawa gare shi a irin wannan lamari shi ne panchang, wanda mutanen Bengal suke kira panjika, na kudancin ƙasar kuma panchangam. Littafi ne na shekara da yake bayyana halin kowace rana ta fuskoki biyar, su ne tithi da wara da nakshatra da yoga da karana, sannan ya ƙara da lokacin fitowar Rana da faɗuwarta da jerin lokutan da ake so da waɗanda ake gudu. Ana samunsa a hannun malamin ibada, ana samun taƙaitaccensa rataye a ɗakin girki, kamar kalandar Kalnirnay da Jayantrao Salgaonkar ya fara bugawa a Mumbai a 1973 cikin harshen Marathi, yanzu kuma ya shiga wayoyin hannu. Wanda yake son ya fahimci wannan kundi sai ya rarrabe abubuwa biyu da aka saƙa a cikinsa. Akwai hisabi, wanda yake auna tafiyar Rana da Wata, kuma kowa yana iya ɗaga kai ya gwada shi da abin da ido yake gani. Akwai kuma hukunci, wanda yake cewa wannan lokaci na alheri ne, wancan na nahisa ne, shi kuwa wannan aƙida ce da al'ada. Malaman Musulunci ma sun daɗe da yin makamancin wannan rabo tsakanin sanin tafiyar taurari da jingina musu tasiri, don haka mai karatu Bahaushe ba zai ga rabon a matsayin baƙon abu ba.

Tushen komai shi ne ranar Hindu tana farawa daga fitowar Rana ta ƙare a fitowarta ta gobe, saɓanin ta Bature da take farawa tsakar dare da ta Hijira da take farawa daga magariba. An raba wannan tsawon zuwa ghatika 60, kowace minti 24, ko kuma muhurta 30, kowace minti 48, kuma tsofaffin kundaye da ghatika suke rubuta lokacin ƙarewar tithi, ana ƙirgawa daga hudowar Rana. Wannan ƙa'ida ta taɓa shafar tarihin ƙasar kanta. An ruwaito cewa da Lord Mountbatten, wakilin Birtaniya na ƙarshe da ya mulki Indiya, ya sanar da Juma'a 15 ga Agusta 1947 a matsayin ranar 'yancin kai, masana taurari suka ce ranar ba ta da kyau, sai aka samu mafita da yin bikin da tsakar dare, lokacin da ranar 15 ta shiga a lissafin Turawa alhali a lissafin gargajiya ana nan a cikin ranar da ta gabata tunda gari bai waye ba.

Tithi ita ce ginshiƙin kalandar, kuma ita ce ta fi rikita baƙo, domin da kusurwa ake auna ta, ba da agogo ba. Lokacin da Wata da Rana suka haɗu a wuri ɗaya a falaki, tazarar da ke tsakaninsu sifiri ce. Daga nan Wata, wanda ya fi sauri, yakan yi ta nisa da Rana, kuma duk sa'ad da tazarar ta ƙaru da digiri 12 an cinye tithi ɗaya. Da'ira tana da digiri 360, saboda haka tithi 30 ne a wata guda, 15 a rabin haske da ake kira shukla paksha, wanda yake ƙarewa da cikar Wata, purnima, da 15 a rabin duhu da ake kira krishna paksha, wanda yake ƙarewa da ɓacewarsa, amawasya. Da a ce Wata yana tafiya da sauri iri ɗaya, da kowace tithi ta zama awa 23 da minti 37. Amma hanyarsa ba zagaye ce cikakkiya ba, idan ya matso kusa da duniya yakan yi sauri, idan ya yi nisa ya rage, don haka tithi takan gajarta zuwa kimanin awa 20 ko ta tsawaita ta wuce awa 26. Tana iya farawa da hantsi ta ƙare da asubahin gobe, ko ta fara da la'asar ta ƙare da magaribar gobe, ba ruwanta da kiran agogo.

To, yaya ake daidaita wannan ma'auni mai miƙewa da tsukewa da kwanakin da mutane suke rayuwa a ciki? Ƙa'idar gama-gari ita ce tithin da Rana ta fito a cikinta ita take ba wa yinin sunansa. Daga wannan ƙa'ida abubuwa biyu masu ban mamaki suke fitowa. Gajeriyar tithi tana iya farawa bayan fitowar Rana ta ƙare kafin fitowarta ta gaba, sai ta rasa ranar da za ta ɗauki sunanta, kalanda ta tsallake daga ta biyar zuwa ta bakwai, wannan ita ce kshaya. Doguwa kuma tana iya riskar fitowar Rana sau biyu, sai kwana biyu a jere su ɗauki lamba ɗaya. Tunda shekarar Wata tana da tithi 360 amma kwanakinta kusan 354 ne, waɗanda ake tsallakewa sun fi waɗanda ake maimaitawa da kimanin shida a shekara.

Bukukuwa kuwa ba duka suke bin ƙa'idar fitowar Rana ba, kowanne yana da sashen yini ko na dare da dole tithinsa ta riska. Bikin haihuwar Krishna, ɗaya daga abubuwan bautar mabiya addinin, yana neman tithi ta takwas ta rabin duhu da tsakar dare, na Ganesha yana neman ta huɗu ta rabin haske da tsakar rana, ibadar Lakshmi ta Diwali kuma tana neman amawasya a lokacin da ake kira pradosha, wato ɗan zangon da yake biyo bayan faɗuwar Rana. A 2024 amawasya ta shiga gab da ƙarfe 4 na yammacin 31 ga Oktoba, ta fita jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yammacin 1 ga Nuwamba. Ta cika magaribar ranar farko gaba ɗaya, ta kuma riski fitowar Rana ta biyu da ɗan guntun magaribarta. Masu fifita cikar magariba suka zaɓi Alhamis, masu fifita tithin da ta kwana ta wayi gari har ta taɓa magariba suka zaɓi Juma'a, kuma kowane ɓangare yana da nassi a tsofaffin littattafan ƙa'idojin ibada. Irin wannan saɓani yana faruwa a kai a kai a azumin ekadashi, tithi ta goma sha ɗaya, inda mabiya Wishnu, wani babban abin bauta a addinin, sukan jinkirta zuwa washegari idan ta goma ta ɗan shiga cikin asubahinta, sauran kuma su yi a ranar farko.

Fuska ta biyu mai nauyi ita ce nakshatra, wato masaukin Wata a cikin taurari. Wata yakan zagaye falaki ya koma wurin tauraron da ya baro a cikin kwana 27 da sulusi, sai aka raba hanyarsa gida 27, kowane gida digiri 13 da sulusi, yana kwana kusan ɗaya a kowanne. Jerin yana farawa da Ashwini da Bharani da Krittika da Rohini, ya ƙare da Rewati, wasu tsofaffin jeri kuma suna ƙara na 28 mai suna Abhijit. Daga waɗannan masaukai aka samo sunayen watanni, domin kowane wata yana ɗaukar sunan tauraron da Wata yake kusa da shi a daren cikarsa: Chaitra daga Chitra, Kartika daga Krittika, Waishakha daga Wishakha. A nan akwai dangantaka ta gaske da abin da muka sani, domin tsarin ɗan'uwan manzilolin Wata 28 ne na Larabawa, waɗanda malamai da manoman ƙasar Hausa suke ƙirga lokutan shekara da su. Krittika ita ce Suraya, wadda muke kira Kaza Mai 'Ya'ya, Rohini ita ce Dabaran, Chitra kuma ita ce Simak. Bambancin shi ne manominmu da yake jiran Haka'a da Hana'a da Zira'a yana bin zaman Rana ne a manzili, kwana 13 a kowanne, shi kuwa panchang a shafinsa na yau da kullum zaman Wata yake bi. Sai dai manoman Indiya ma suna da irin lissafin namu. A Maharashtra ana ɗaukar shigar Rana masaukin Mriga a farkon watan Yuni a matsayin buɗewar damina, a Kerala kuma ana kiran waɗannan zangunan njattuwela, kuma wanda yake faɗowa a ƙarshen Yuni shi ne aka fi so don dashen masoro.

Nakshatra ba ta tsaya ga ranar kawai ba, tana bin mutum tun daga haihuwa. Masaukin da Wata yake ciki sa'ad da aka haifi jariri shi ne tauraronsa na rayuwa, kuma a gidaje da yawa daga rubu'in masaukin da aka haife shi a ciki ake ɗauko harafin farko na sunansa. Idan zai yi wani babban abu, malami yakan ƙirga daga tauraron haihuwarsa zuwa tauraron ranar, ya raba da tara, idan ragowar ta zama uku ko biyar ko bakwai a ce ranar ba tasa ba ce. Ta haka ranar da take da kyau ga wani takan zama abin gudu ga ƙaninsa.

Yoga da karana ba su kai waɗannan biyun shahara ba. Yoga ana samun ta ne idan aka tara matsayin Rana da na Wata aka raba jimillar gida 27, kuma biyu daga ciki, Wyatipata da Waidhriti, su ne aka fi ƙi. Karana rabin tithi ce, digiri 6, don haka 60 ne a wata, sai dai sunayensu 11 kacal, bakwai suna zagayawa sau takwas, huɗu kuma suna zuwa sau ɗaya a kusa da ɓacewar Wata. Ɗaya daga cikin masu zagayawa, Wishti, wadda jama'a suka fi sani da Bhadra, ta isa ta dakatar da biki. A ranar 30 ga Agusta 2023, ranar Raksha Bandhan da 'yan mata da mata suke ɗaura wa 'yan'uwansu maza zare a wuyan hannu, Bhadra ta cinye yinin har zuwa wajen ƙarfe 9 na dare, sai iyalai da yawa suka jira dare ko suka bari sai sassafen washegari.

Wara ita ce ranar mako, kowace tana ƙarƙashin ɗaya daga jikunan sama bakwai: Lahadi ta Rana, Litinin ta Wata, Talata ta Marriku, Laraba ta Uɗaridu, Alhamis ta Mushtari, Juma'a ta Zahra, Asabar ta Zuhalu. Daga ranar mako ake fitar da lokacin da ya fi kowanne shiga rayuwar talaka, musamman a kudancin Indiya, wato Rahu kalam. Rahu da abokinsa Ketu ba jikuna ba ne da ake iya gani, wurare biyu ne da hanyar Wata take ratsa hanyar Rana, kuma sai a kusa da su ake samun husufi, abin da ya sa tatsuniyoyin addinin suka siffanta Rahu da mai haɗiye Rana. Ana raba yini daga fitowar Rana zuwa faɗuwarta kashi takwas, a ba wa Rahu kashi ɗaya. Idan Rana ta fito ƙarfe 6 ta faɗi ƙarfe 6, rabonsa ranar Litinin daga 7:30 ne zuwa 9:00, Asabar 9:00 zuwa 10:30, Juma'a 10:30 zuwa 12:00, Laraba 12:00 zuwa 1:30, Alhamis 1:30 zuwa 3:00, Talata 3:00 zuwa 4:30, Lahadi kuma 4:30 zuwa 6:00. A wannan zango ba a son fara sabon abu, tafiya ce ko sa hannu a takarda ko miƙa takardar takara, amma aikin da aka riga aka fara ba a dakatar da shi. Ya kamata a lura cewa wannan jadawali ba shi da alaƙa da inda Rahu yake a sama a wannan rana, rabon yini ne kawai bisa jerin da aka gada. Haka lamarin yake ga choghadiya da 'yan kasuwar Gujarat suke bi, inda ake raba yini takwas da dare takwas, a sa wa kowane kashi suna irin su Amrit da Labh masu kyau, ko Rog da Kal marasa kyau.

A ɗaya ɓangaren akwai lokutan da ake nema. Brahma muhurta tana farawa minti 96 kafin fitowar Rana ta ɗauki minti 48, ita aka fi so don ibada da karatu. Abhijit muhurta, ta takwas cikin 15 na yini, tana faɗowa daidai tsakar rana, ana kuma ɗaukarta mai share aibobi da yawa na ranar. A cikinta aka yi bikin girka gunkin Ram a Ayodhya ranar 22 ga Janairu 2024, a haikalin da aka gina a wurin da Masallacin Babri yake kafin a rushe shi ranar 6 ga Disamba 1992. Malamin Banaras da ya fitar da lokacin, Ganeshwar Shastri Dravid, ya tsuke shi zuwa daƙiƙa 84 kacal a wajen ƙarfe 12 da rabi na rana, kuma a kan wannan ɗan taƙi aka tsara zuwan Firayim Minista Narendra Modi da dubban baƙi.

Kafin a kai ga yadda ake zaɓen ranar aure sai an san yadda watanni suke zama a shekara. Shekarar Wata ta gaza ta Rana da kimanin kwana 11. Kalandar Hijira ba ta cike wannan giɓi, shi ya sa azumin Ramadan yake zagaya damina da kaka da hunturu da bazara a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Kalandar Hindu tana cike shi da ƙarin wata guda, adhika masa, kusan duk bayan wata 32 da rabi, kuma ba mutum ne yake zaɓar inda za a saka shi ba. Rana tana shiga sabon buruji kusan sau ɗaya a wata, shigar da ake kira sankranti, duk watan da ya fara ya ƙare ba a samu sankranti a cikinsa ba shi ne ƙarin wata. Haka aka samu Shrawana biyu a 2023, na ƙarin ya fara a tsakiyar Yuli ya ƙare a tsakiyar Agusta. Akasin haka ma yana faruwa nadiran, a samu sankranti biyu a wata ɗaya har a shafe sunan wani wata daga shekarar, kamar yadda aka yi a 1963 da 1983. Bayan wannan, arewacin Indiya yana rufe wata da cikar Wata, Maharashtra da Gujarat da Karnataka da jihohin Telugu kuma suna rufewa da ɓacewarsa, don haka rabin duhu ɗaya yakan ɗauki sunan watanni biyu dabam alhali biki yana faɗowa a dare guda. Tamil Nadu da Kerala da Bengal da Assam kuma watannin Rana suke bi. Ko ƙidayar shekara ba ɗaya ba ce, akwai Wikram Samwat da ta fara shekara 57 kafin Miladiyya, wadda Nepal take aiki da ita a hukumance, akwai kuma Shaka da ta fara a shekara ta 78 Miladiyya.

Zaɓen lokacin aure yana kama da tankaɗen gari, daga rariya mai manyan idanu zuwa mai ƙanana. Da farko ana cire watanni. Chaturmas, wata huɗu daga ekadashin rabin haske na Ashadha zuwa na Kartika, kusan daga Yuli zuwa Nuwamba, lokaci ne da aka yi imani Wishnu yana barci, ba a ɗaura aure a arewa. A cikinsa ne kuma ake makonni biyu na tunawa da kakanni, pitru paksha, da ko sayen sabon abu ake ƙi. Ana cire ƙarin wata idan akwai, ana cire zaman Rana a burujin Dhanu daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu da zamanta a Meena daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu, ana kuma cire duk makonnin da Mushtari ko Zahra suka ɓace a cikin hasken Rana. A abin da ya rage sai a nemi masaukan da aka yarda da su don aure, irin su Rohini da Magha da Hasta da Swati da Anuradha da Rewati, a kauce wa tithi ta huɗu da ta tara da ta goma sha huɗu da ake kira rikta, a kauce wa Bhadra da munanan yoga, a duba tauraron ango da na amarya. A ƙarshe sai a zaɓi lagna, burujin da yake hudowa daga gabas, wanda yake sauyawa kusan duk awa biyu, shi ya sa katin gayyata yakan zo da lokaci irin ƙarfe 2 da minti 17 na dare. Abin da yake fitowa daga wannan tankaɗe kwanaki ne 'yan kaɗan da miliyoyin iyalai suke rububi, wuraren biki su yi tsada, titunan Delhi su cushe da ayarin anguna a dare ɗaya.

Akwai kuma ranakun da aka ce ba sa bukatar duba, domin dukkansu alheri ne. Fitacciyarsu ita ce Akshaya Tritiya, tithi ta uku ta rabin haske na Waishakha, a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ranar da shagunan zinare suke cika, kuma ranar da hukumomin Rajasthan suke sa ido sosai saboda aurar da ƙananan yara da ake yi a ɓoye a cikin tarin aurarrakin ranar. Tara mutane a kan sa'a ɗaya yana da nasa haɗarin. Babban taron ibada na Kumbh Mela a birnin Prayagraj, wanda ake tsayar da shekararsa daga matsayin Mushtari da Rana, ya gudana daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairu 2025, amma ranar Mauni Amawasya, 29 ga Janairu, ita ce kowa yake son ya yi wanka a mahaɗar koguna, kuma a turmutsitsin asubahin wannan rana hukumomi sun tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 30.

Hisabin da duk wannan ya hau kansa yana da tarihi mai daraja. Cikin masana falakin Indiya na da, Aryabhata ya rubuta aikinsa a shekara ta 499, Warahamihira ya yi zamani a Ujjain a ƙarni na shida, Brahmagupta ya kammala babban littafinsa a 628, kuma ilimin wannan makaranta ya isa Bagadaza a zamanin Halifa Mansur aka mayar da shi Larabci. Al-Biruni, wanda ya rubuta bayanin Indiya a wajen 1030, ya yi sharhi a kan ƙarin wata da masaukai da karana. Matsalar ita ce littafin da masu panchang da yawa suka riƙe ƙarni bayan ƙarni, Surya Siddhanta, ya tsawaita shekara da ɗan abin da ya wuce minti uku, ƙididdigarsa ta saurin Wata kuma ba ta kama duk sauye-sauyensa ba, sai ƙarshen tithi ya riƙa saɓa wa abin da ake gani da awanni. Tun a 1431 Parameshwara na Kerala ya fito da tsarin gyara lissafi da abin da ido ya gani, kuma har yau ɓangarorin biyu suna nan. A Tamil Nadu akwai masu bin tsohon tsarin wakya, wanda haikalai da yawa suke riƙe da shi, da masu bin tsarin drik na zamani. A Bengal ma panjikar Bishuddha Siddhanta, da aka fara bugawa a 1890 bisa lissafin zamani, takan saɓa da tsofaffin panjika a kan lokutan ibadar Durga.

Akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi. Layin da duniya take juyawa a kansa yana yin lilo a hankali, abin da yake sa wurin da Rana take a ranar daidaituwar dare da yini ta watan Maris ya riƙa ja da baya a tsakanin taurari da digiri ɗaya a duk shekara 72 ko kusa da haka. Kalandar Hindu ta ɗaure burujanta da taurari, ba da lokutan shekara ba, don haka tazarar, wadda ake kira ayanamsha, ta kai kimanin digiri 24 a yanzu. Wannan ne ya sa bikin Makar Sankranti, wanda ake danganta shi da juyawar Rana zuwa arewa, yake faɗowa 14 ko 15 ga Janairu, alhali Rana ta riga ta juya tun 21 ko 22 ga Disamba. Gwamnatin Indiya ta kafa kwamitin gyaran kalanda a 1952 ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, wanda ya tarar da kalandu kusan 30 suna aiki a ƙasar, ya miƙa rahoto a 1955. Daga rahoton aka samu kalandar ƙasa da ta fara aiki ranar 22 ga Maris 1957, daidai da 1 ga Chaitra 1879 ta Shaka, amma kusan ba a ganinta sai a takardun gwamnati da sanarwar rediyon ƙasa. Abin da ya fi kama jiki daga aikin kwamitin shi ne ma'aunin ayanamsha mai ɗauke da sunan N. C. Lahiri, wanda ya ɗauki tauraron Chitra a matsayin turke, da kuma Rashtriya Panchang da wata cibiyar gwamnati a Kolkata take bugawa kowace shekara cikin harsuna fiye da goma.

A ganina ɓangaren hisabi ya cancanci girmamawa daga duk mai ƙaunar ilimi, domin mutanen da ba su da na'urar hangen nesa sun gina tsarin da yake riƙe watanni a lokutansu na shekara, yake kuma hango husufi. Ɓangaren hukunci kuwa bai samu irin wannan shaida ba, kuma 'yan Indiya da kansu sun gwada. A 2008 masanin falaki Jayant Narlikar da Narendra Dabholkar, ɗan gwagwarmayar yaƙi da camfi da aka kashe a Pune a 2013, sun ba wa masana taurari bayanan haihuwar yara, rabi haziƙai rabi masu tawayar ƙwaƙwalwa, don su bambance su, sakamakon kuwa bai fi na cinta ba. Abin ya fi damuna idan ya taɓa lafiya, kamar yadda wasu iyalai suke matsa wa likita ya yi wa mai ciki tiyata a mintin da malami ya zaɓa.

Saura abu ɗaya da yake ƙara bayyana yanzu da mabiya addinin suka bazu a duniya, har da Legas da Kano da Akara. Tithi da nakshatra suna ƙarewa a daƙiƙa ɗaya ga duk duniya, domin kusurwar Rana da Wata ɗaya ce ko daga ina aka lissafa ta, amma fitowar Rana da faɗuwarta na kowane gari ne shi kaɗai. Tsofaffin masana sun ɗauki Ujjain a matsayin layin farawa suna gyarawa ga sauran garuruwa, kuma ko a cikin Indiya Rana takan riga fitowa a Kolkata da kusan awa ɗaya kafin Mumbai. Agogon Nijeriya yana bayan na Indiya da awa huɗu da rabi, don haka tithin da ta ƙare ƙarfe 9 na safe a Delhi, ta kuma ba wa yinin sunanta a can, ta ƙare tun ƙarfe 4 da rabi na asuba a Kano, kafin Rana ta fito. Ɗan kasuwar Indiya da yake zaune a Kano, idan yana son ya bi ƙa'idar yadda take, sai ya nemi panchang da aka lissafa don garin, kuma ta yiwu ya yi azuminsa ko bikinsa kwana ɗaya kafin danginsa na gida.